Damagaram da Bututun Malam

Tun da muka dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. In na je islamiyya, Maman Ummi ta tare ni a bakin ƙofa: "Asabe, wai da gaske har Nijar kuka je kallon taurari? Namu na Badarawa sun ƙare ne?" In na fita cefane a tare ni. Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma kullum akwai wurin da nake tsallakewa. Yau na zauna zan rubuta shi duka, har da wurin. Karatuna bai wuce aji shida ba, wadda ta ga kuskure ta gyara a zuciyarta.

Kun san ni ba mai fita ba ce. Kasuwar Kawo ma sai ta kama dole. Maigidana Malam ma'aikacin safiyo ne, masu auna filaye, ya yi ritaya shekara uku da suka wuce. Yara duk sun watse, Auta ma tana karatu a ƙasar waje. Gidan da a da sai na ɗaga murya kafin a ji ni, yanzu in cokali ya faɗi a kicin har zaure ake jin sa. Malam dama ba mai magana ba ne, ni kuwa ko da kajina sai in yi hira.

Bara ya sayo madubin hangen nesa, wani farin bututu mai ƙafa uku, da ɗan inji da ke juya shi a hankali yana bin taurari. Mutanen layi suka sa masa suna igwa. Ba kallo kawai Malam yake yi ba, hoto yake ɗauka. Ya ɗaura kyamara a gindin bututun, hoton ya fito a kwamfuta. Sai dai abu ɗaya ya dame shi. Taurarin tsakiyar hoto suna fitowa dunƙule kamar ƙwayar gero, na gefe kuwa sai su miƙe kamar shinkafa. Wai maganin abin wani ɗan gilashi ne da ake sawa tsakanin bututu da kyamara, yana ce masa filatna, aikinsa daidaita gefen hoto. Auta ta aiko masa da ɗaya cikin damina, hadari ya hana shi gwadawa. Yana da aboki na waya a Damagaram, Malam Isuhu, malamin makaranta, shi ma da nasa gilashin iri daban. Ya ce wa Malam ya zo lokacin kaka, can babu hasken fitilu mai dishe taurari, ya gwada biyun, in na Isuhu ya fi dacewa su yi musaya.

Ga wurin da nake tsallakewa. Idon Malam yana tafiya. Bai faɗa mini ba, kunnena ne ya faɗa mini. Takunsa ya canja, ya koma jan ƙafa. Na riƙa jin kafaɗarsa ta hagu tana bugun ƙyaure. Wata rana ina tsintar shinkafa a bayan taga na ji yana waya da likitansa: "To na hagu ya tafi ke nan. Na dama fa, daga gefe yake rufewa? Zuwa yaushe?" Ban ji amsar ba, na dai ji ya ce Allah ya kyauta. Na jira ya kira ni ya gaya mini, wata biyar ina jira. Na daina barin bokiti a hanya, na mayar da kujeru jikin bango, ban ce komai ba, don namijin da ya yi shekara talatin yana cin abinci da idonsa ba a tare shi da irin wannan magana. Na kuma ji ya ce wa Auta hoto ɗaya yake so, na Kaza da 'ya'yanta, taurarin nan da ke cunkushe wuri guda, ya fito tsaf har gefe. Bai ce mata "tun ina gani" ba, amma ni na ji shi a muryarsa. Don haka ranar da ya ce, "Asabe, ki shirya mu je tare," na san ba hirata yake so ba, hanyar ce ba zai iya shi kaɗai ba. Na shirya.

Ni ba na zuwa gidan mutane da kayan da ba su sha turare ba. Ana gobe tafiya na hura kasko, na kifa kwando, na jera tufafinmu har suka ƙoshi, mayafina kuma na bi shi da humra. Ina haɗa akwati na ci karo da gilashin Auta a ɗan kwalinsa. Na buɗe murfin don in ga abin da zai kai mu wata ƙasa, sai na hangi ɗan ƙura a kai. Na hura masa iska, na kama bakin mayafin na goge shi ciki da waje, na rufe. Har wani daɗi na ji, na ce yau dai na taɓa taimaka wa Malam a wannan harka.

Bayan asuba muna tashar Kawo. Direba ya dubi doguwar jakar bututun ya ce, "Baba, wannan but ɗin mota za ta shiga."

Malam ya ce, "A cinyata za ta zauna."

"Har Kano? Ai ko jariri ana sauke shi ya huta."

Na zauna a hagun Malam. Duk tafiyar nan, a mota ko a ƙasa, a hagunsa nake, ya lura ko bai lura ba ban sani ba. Muka wuce Katabu gari na wayewa. Daga nan har Zariya abin da ya ce mini guda ne: "Kin ɗauko cajar kwamfuta?" Na ce na ɗauko. Na ga mai doya a bakin titi na yi magana, na ga tirela ta kife na yi salati, na ce yau za a yi rana, duk amsar "uhm" ce. Sai na yi shiru na bar injin mota yana yi mini hira.

A Kano muka canja mota zuwa Daura. Allah ya haɗa ni da wata Hajiya 'yar Damagaram mai sarin atamfa, baki kamar nawa. Kafin Kazaure na san sunan jikokinta tara da ciwon gwiwarta. Ta ba ni cuku, wani busasshen abu na nono mai tauri kamar fatar takalmi, ta ce in jiƙa shi a baki. Ta leƙa Malam ta rage murya: "Maigidan naki azumin magana yake?" Na ce tunani ne ya yi masa yawa. Ta sauka a Daura wajen 'yarta. Ta ɗago mini hannu, ban ko tambayi sunanta ba, amma da motar ta tashi sai na ji kamar 'yar'uwata aka sauke.

A kan iyaka aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani jandarma dogo ya ga jakar ya ja da baya, ya ce a buɗe a hankali. Da farin bututun ya bayyana sai kowa ya zuba masa ido. Malam ya yi bayani, ba a gamsu ba, aka ce ya haɗa a gani. Ya kafa ƙafafun cikin rana da lalube, ya saita shi can nesa. Jandarman ya sa ido, ya ɗago, ya sake sawa.

"Kai, zo ka ga jaki na tahiya da kai ƙasa."

Ashe haka bututun yake nuna abu, a kife. Nan suka yi layi, har mai sayar da shayi ya bar tukunyarsa ya zo ganin jaki. Da aka gama, jandarman ya miƙo wa Malam takardunmu ta hagu. Malam na tsaye yana kallon gaba, hannun mutumin na rataye a iska. Na ga fuskarsa ta fara canjawa, yana zaton raini ne. Na yi maza na karɓa na ce, "Kawo, ɗana, Baban naka hannunsa ya gaji da riƙon kaya." Malam ya juyo ya dube ni. Na sunkuya ina gyara bakin jaka.

Mun shiga Damagaram ana kiran isha. Malam Isuhu gajere ne mai fara'a, ya rungume Malam kamar tare suka tashi, alhali ranar suka fara ganin juna. Nan take suka shiga maganar milimita. Malam da ya yi mini "uhm" tun daga Kawo, sai ga shi yana dariya har da tafa hannu. Na tsaya riƙe da jakata ina sauraron dariyar. Na manta rabon da in ji ta.

Matarsa Zainabu ta ja ni ciki. Su a tsakar gida suke kwana, kowa da gadonsa da gidan sauro, sama a buɗe. Ta kawo mini dambu da kwaɗon zogale da suke kira kopto. Da safe aka kawo wani dogon burodi kamar sanda, ɓawonsa ya kusa tafiya da haƙorina. Shayinsu kuwa a ɗan kofi kamar murfin kwalba, har zagaye uku. Na sha na farko na miƙe, Zainabu ta ce, "Zamna, yaya, na ukun ne mai daɗi, wa ke tashi kan na ɗaci?" Da rana gari ke mutuwa, kowa ya rufe shago ya kwanta, sai la'asar. Mu a Kaduna wa zai rufe shago don rana? Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shiru. Babu janareto ko ɗaya a unguwar. Na kwanta ina jin numfashin akuya a bayan katanga, da muryar Malam daga zaure yana ta ba Malam Isuhu labari.

Kashegari bayan la'asar Isuhu ya ɗauke mu a motarsa zuwa gonar yayansa, can bayan gari. An riga an yanke gero, sai karare. Ya kafa nasa bututun a gefe guda, Malam ya kafa nasa, ya ɗaura gilashin Auta da lalube. Ni aka shimfiɗa mini tabarma da fulas ɗin shayi, kamar kayan da aka ajiye. Bayan isha Kaza ta tashi daga gabas. Ba zan ɓoye ba, ban taɓa ganin sama haka ba, kamar an zazzage buhun gero a kan baƙin zane. Amma ba a daɗe da kallon abu mai kyau in babu wanda za ka ce wa "duba". Na koma sauraron injin Malam, yana wani siririn kuka kamar sauro.

Hoto na farko ya fito. Na ji Malam ya ja kujera kusa da kwamfuta. Na ji ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya sake ɗauka. Ya sake gogewa. Daga nan sai na daina jin komai daga wajensa, ko motsin kujera.

Isuhu ya ɗago murya daga wurinsa: "Malam, ya gehen?"

Malam ya ce, "Ina zuwa."

Muryar ce ta tashe ni. Irinta ya yi ranar da ya ce wa likita Allah ya kyauta. Na zo ta hagunsa na tsaya. Ya sa hannu zai rufe kwamfutar, ya ce a hankali, ba da ni ba, "Shi ke nan. An makara."

Na riƙe murfin kwamfutar. Na duba hoton. Kowane tauraro yana zaune cikin wani farin gumi, kamar fitila a ɗakin da aka yi turare. Daga tsakiya har gefe, duk dishi-dishi. Ina ganin haka na tuna bakin mayafina. Na gane abu biyu a lokaci guda: ni na shafa wa gilashin humra, shi kuma Malam yana zaton idonsa na dama ne ya ƙarasa rufewa a wannan daren. In na yi shiru zai naɗe kayansa mu koma gida da wannan zaton. In na yi magana, ya san na sani.

Na ce, "Malam, ba idonka ba ne."

Ya janye hannunsa daga kwamfutar.

"Ni ma haka nake ganin sa. Duk ya yi gumi. Ni na goge gilashin da mayafina, akwai humra a jiki. Ba idonka ba ne."

Injin na ta kukansa. Can ya ce, "Tun yaushe?"

Na san ba gilashi yake tambaya ba. Na ce, "Tun kafin azumi. Ina bayan taga."

"Shi ya sa kujerun suka koma bango."

"Shi ya sa."

"Da takardun jiya."

"Da su."

Ya ce, "Asabe, wata biyar kika riƙe magana a bakinki? Ke?"

Na so in yi dariya, abin da ya fito daban ne. Na toshe baki da mayafin da ya jawo abin.

Isuhu ya zo da tocila, ya kwance gilashin, ya kai hanci. "Wannan ai gilashin amarya ne." Ya ɗauko wani ruwa a 'yar kwalba da takarda mai laushi, ya yi ta shafawa daga tsakiya zuwa baki, yana canja takarda, yana yi mini wa'azi cewa ko numfashi ba a so a kai. Na ce na tuba. Aka mayar, aka ɗauka. Gumin ya tafi. Malam ya kusa manna fuska da kwamfutar, ya ce tsakiyar ta fito. Sai ya ja baya, ya ce a gaban Isuhu, ba tare da rage murya ba, "Gefen ne ba na iya tantancewa. Asabe, jawo kujera."

Haka na zama mai duba gefe. Ya nuna mini yadda ake matso da kusurwa, ya ce in faɗi abin da na gani, kada in yi masa kara.

Na ce, "Na saman nan sun ɗan miƙe. Kamar suna gudu daga tsakiya."

"To gilashin ya matsu da kyamara. Isuhu, ba ni siririn zobe."

Ashe akwai wasu zobba da ake ƙarawa a tsakani, wani bai fi kaurin farce ba. Aka ƙara, aka ɗauka. Na ce yanzu kuma sun kwanta a kaikaice, kamar suna zagaye. Ya ce an yi nisa, a sa wanda ya fi siranta. A karo na huɗu na bi kusurwa huɗun ɗaya bayan ɗaya, kamar ina tsintar tsakuwa a faranti. Na ce, "Gero ne, Malam. Duk huɗun."

Sannan aka sa na Isuhu. Shi nasa yana faɗaɗa hoto, ya tara haske. Da hoton ya fito na ji Malam ya ja numfashi. Ya ce, "Ina ganin shuɗin da ke jikinsu. Kamar hayaƙi." A na Auta bai gan shi sosai ba. Amma gefe ya ƙi. Muka canja zobe har sau biyar, na ƙasan hagu suna nan shinkafa. Isuhu ya ce gaskiya ba don irin wannan bututun aka yi shi ba, amma in Malam na so ya ɗauka.

Malam ya ce, "To, mai duba gefe, wanne?"

Na faɗi abin da ke raina. Na ce, "Ka ɗauki na Malam Isuhu. Shi ne kake gani da kyau. Gefen da ba ya damun idonka, bar shi ya zama shinkafa, wa zai tuhume ka?"

Ya lalubo gilashin Auta a kan tabarma, ya juya shi a hannu.

Ya ce, "Ai ke kina ganin gefen."

Shi ya mayar da kansa. Muka zauna har Kaza ta hau tsakiyar sama, inji na ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya, wai daga baya za a haɗa su su zama guda. Bai zama mai surutu a daren ba, kada ku ce na ƙara gishiri. Amma ya gaya mini abin da likita ya ce, duka, ya kuma sha shayina da ya huce.

Mun dawo ta hanyar da muka bi. Jandarman ya gane mu, ya tambayi lafiyar igwa. Zainabu ta cika mini jaka da cuku, har yau ina rabo ba wanda ya dawo neman ƙari. Musayar da ta kai mu dai ba a yi ta ba, gilashin da muka tafi da shi shi muka dawo da shi, Maman Ummi ta ce mun yi tafiyar banza.

Malam ne ya ce in rubuta har da maganar idon. Ya ce ya gaji da jin ana cewa yana wuce mutane ba gaisuwa. Don haka in kun gan shi a layi, ku ɓullo masa ta dama, ku yi sallama da ƙarfi.

Gidan yana nan shiru kamar da. Yara suna kira ranar Juma'a. An wanko hoton babba, yana bangon falo, inda kujerun suke. Shuɗin nan da ya gani a gona, yanzu ya ce ya fara ɓace masa. Wani lokaci ina kicin sai in ji jan ƙafarsa ya tsaya a gaban hoton. In ji yatsansa yana bin katakon da ke kewaye da hoton har kusurwa. Sai ya kira.

"Asabe, na nan fa?"

In bar abin da nake yi, in zo ta hagunsa, in duba da gaske, don ya ce kada in taɓa amsawa daga kicin.

"Gero ne, Malam."